Tiyar uraniyom tana hannun wa?

Kowane ɗan kasuwa na Maraɗi ko Damagaram ya san cewa mai riƙe da tiya shi ke da ta cewa a cinikin hatsi. A 1971 Somaïr ta soma fitar da uraniyom a Arlit, Cominak ta biyo baya a Akokan daga 1978 har rufe ta a 2021. Amma awon amfanin da ƙarfen nan ke bayarwa, a ƙetare ake yin sa.

Ga yadda abin yake. Cikin uraniyom na ƙasa, kashi 0,7 cikin 100 ne kawai irin nan mai lamba 235 da ke tsagewa ya ba da zafi. Sai a tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, a ɗura a sanduna, ya yi shekaru cikin tukunyar tashar lantarki. In an fito da shi, tilas a san iyakar cin da ya yi. Masana kan yanko guntun sanda su narkar cikin asid, su zuba ma'aunin da suka riga suka sani, sa'an nan su saka a na'ura mai rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu. Abin da ake ƙirgawa shi ne newodim-148, toka ce da tsagewar ke bari, ba ta tashi kamar hayaƙi, ba ta ruɓewa, kuma uraniyom da fulutoniyom kusan daidai suke haifar da ita. Daga yawanta ake gane zafin da kowane tan ya bayar, da abin da ya saura, wanda a Faransa ake sake tacewa a La Hague.

Wannan ba wasan malamai ba ne. Da irin na'urar nan ce a 1972 aka lura a Faransa cewa uraniyom na Oklo, a Gabon, ya ɗan gaza a awo, har aka gano ya taɓa cin wuta da kansa shekaru kusan biliyan 2 da suka wuce.

A 2025 hukuma ta mayar da Somaïr hannun ƙasa. To, mallakar rami daban, sanin awo daban. Nijar ba ta da tashar nukiliya, amma na'urar ita ce dai ke tantance tsabtar kayan da ake sayarwa. Ya kamata kasafin kuɗi ya ware wa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kuɗin na'urar, da na gyaranta, da albashin da zai hana masu sarrafa ta tafiya ci-rani.