Safar Hannu Da Lissafin Mai Keke

Makon jiya na kwana a ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta, na yi sammakon fita ranar Lahadi, ranar cin kasuwa. Hazo ya rufe hanya, sanyin hunturu na ratsa ƙashi. Masu keke sai wucewa suke yi da kwandunan tumatir daga lambunan madatsar Tomas. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa sun jingine babur sun koma wa keke.

Hannayensu na tsaya kallo. Wani ya zura tsohuwar safar ƙafa, wani ya naɗa tsumma, wani kuwa da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan na cikin aljihu, ga lodi ga yashi. Yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa kama burki a kan lokaci, faso kuma yakan hana mutum riƙe fartanya in ya isa lambu.

Ƙanena ya sayi safar hannu ta ulu har sau uku a hunturun bara. Kowacce a wuri ɗaya ta mutu: tsakanin babban yatsa da manuni, inda ake damƙar kan keke. Iska ma ratsa ta take yi. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da ta fatar akuya wadda wani baduku ya ɗinka masa. Yakan shafe ta da man kaɗanya, in ɗinki ya kwance a mayar. Na tashi na gan ta, na bar gida tana nan. Gaskiya ba ta son ruwa, da bazara kuma ba ta sawuwa, amma wa ke neman safa da bazara?

Ban ga laifin ƙanena ba. Mai neman na cefane ba ya lissafin shekara biyar, abin da ke aljihunsa yau shi ke yanke hukunci. Takaicina shi ne, jar fatar akuyarmu ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, yau ma ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa a fitar da ita Turai, mu kuwa muna jiran ulun gwanjo.

A kasuwar na tambayi wani dattijon baduku ko zai iya. Ya yi murmushi, ya ce rabon da a tambaye shi har ya manta. Ya ɗora tafina a kan takarda ya zana, na kwatanta masa na ƙanena. Lahadi mai zuwa zan karɓo.