Tsoron Lesa Ya Kawar da Hankalinmu Daga Tambayar da Ta Dace

Da zarar mai sa tabarau ya ce yana tunanin a yi masa aikin lesa don ya huta da gilashi, sai dangi su taso masa. Wannan ya ce wuta ce ake haska wa ido ta ƙone shi, waccan ta ce ta ji labarin wani da aka yi wa ya makance, kawu kuma ya rufe zance da cewa ido ba abin wasa ba ne. Ina tare da kawu a kan wannan. Sauran maganar kuwa ba ta da tushe, kuma tana cutar da mutane.

A gaban ido akwai wata fata garai-garai da likitoci ke kira koniya, kaurinta ya ɗan haura rabin milimita. Ita ke lanƙwasa mafi yawan hasken da ke shiga ido. Idan siffarta ba ta dace da tsawon ƙwayar idon ba, hoto ba zai sauka daidai a bangon ciki ba, sai mutum ya riƙa gani dishi-dishi, musamman abin da ke nesa. Aikin lesa gyaran siffar wannan fatar ne kawai, ba ya kutsawa cikin ƙwayar ido. Hasken da ake amfani da shi ba ya gasa nama, ɗebe shi yake yi ƙanana-ƙanana, kowane bugu yana cire kimanin kashi ɗaya cikin dubu huɗu na milimita. Majinyaci yana farke, an ɗiga masa maganin kashe zafi, na'urar tana bin motsin idonsa, in ya kauce da yawa ta tsaya. Hasken kansa da wuya ya wuce minti ɗaya a kowane ido.

Masu cewa sabon abu ne da ake gwaji a kanmu su ma sun yi kuskure. An fara gyara koniyar mutane da lesa tun ƙarshen shekarun 1980, likita Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka kuma yana cikin waɗanda suka assasa salon LASIK a wajajen 1990. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani salon aikin, mai suna PRK, a 1995. A 2007 hukumar NASA ta yarda masu neman zama 'yan sama jannati su kasance waɗanda aka yi wa wannan aiki. Miliyoyin mutane sun yi shi, makanta ta dalilinsa kuma abu ne mai matuƙar wuya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne inda muke ajiye tsoronmu. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu maganin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, kuma mafi yawan waɗannan idanu ba su gani. A ƙauyukan Arewa da kudancin Nijar har yau ana miƙa idon tsoho ga wannan aiki ba tare da an yi taron dangi ba. Wannan ne ya cancanci ihu.

Amma tsoron ƙarya yana da wata illa: yana hana mu tambayar haɗarin gaskiya. Ba kowane ido ya dace da lesa ba. Mai siririyar koniya, ko wadda ta fara tsini, aikin zai iya ɓata masa gani. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda lambar tabarausa ke canzawa, ko mai juna biyu, ko mai ciwon sukari da bai daidaita ba. Bayan aiki bushewar ido ta zama ruwan dare na tsawon watanni, a wasu ma ta daɗe, kuma duk wanda ya san ƙurar hunturu a Kano ko Damagaram ya san wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Wasu suna ganin zoben haske kewaye da fitilun mota da dare, direban da ke tafiyar dare ya kamata ya ji wannan tun kafin ya sa hannu. Wanda ya haura arba'in zai buƙaci tabarau na karatu ko an yi masa aikin, domin wannan tsufan ido ne daga ciki. Gyaran koniya kuma ba ya maganin yana, ba ya maganin hawan jinin ido.

Masu hali da ke zuwa Masar ko Indiya na mako guda a yi musu aikin su dawo, su tabbata sun san likitan da zai ci gaba da duba su a gida. Likitan da ya ce maka kowa ya cancanta, ko ya sa ranar aiki kafin ya auna kauri da siffar koniyarka, ka tashi ka nemi wani.