Suwaita Guda, Zarge Dubu Sittin

Idan aka tambayi mai saƙa ina aka kwana da rigar sanyin da ta ɗauko tun farkon hunturu, amsar da ta fi yawa ita ce: "Ai na gama, saura hannu kawai." Ba ƙarya take yi ba, haka idonta ya nuna mata. Gaban riga ya kammalu, baya ya kammalu, abin da ya rage 'yan hannuwa biyu ne sirara. Amma lissafi bai yarda da ita ba. A suwaitar babban mutum, hannuwan nan biyu sukan cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin baki ɗaya. Shi ya sa jakunkunan masu saƙa, daga Jos har ƙasashen Turai, suke cike da riguna marasa hannu da safa ƙafa guda, suna jiran wata shekarar.

Ido ba ya iya auna ci gaban saƙa, sai an ƙirga. Kuma matar da ba ta ƙirga aikinta, ba jinkiri kaɗai take jawo wa kanta ba. Ranar sayarwa ma ita ce za a kwara.

Saƙar da ake magana a nan ba ta masaƙa ba ce, wadda ake jera zare a tsaye a gitta wani. Wannan ta kibiya biyu ce, inda zare guda tak yake tafiya, ana zarga shi cikin kansa, zarge bayan zarge, layi bisa layi. Tsohuwar sana'a ce: mafi daɗewar abin da aka samu nata safa ce ta auduga daga Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 13, kuma kyan aikinta ya nuna cewa hannun da ya yi ta ya gaji sana'ar ne daga wasu. Tun daga wancan lokaci ma'aunin bai sauya ba. Kowane zarge motsi ɗaya ne na yatsu, kuma babu hanyar tsallake ko guda.

To, zarge nawa ne a riga? Da zaren ulu matsakaicin kauri, ma'aunin da aka saba bugawa a jikin takardar zaren shi ne zarge 22 a faɗi da layi 30 a tsawo cikin kowace santimita 10. Rigar da kewayen ƙirjinta ya kai santimita 100 tana bukatar zarge 220 a kowane zagaye. In tsawonta santimita 60 ne, zagaye 180 ke nan. A ninka, a samu 39,600. Kowane hannu, in an ɗauki matsakaicin kewayensa a santimita 35 da tsawo 45, ya haura zarge 10,000. Jimilla ta kai wajen dubu 60, ba a sa wuya ba. Hular sanyi kuwa, mai kewayen santimita 50, ba ta wuce zarge dubu shida da 'yan kai ba. Wato suwaita guda daidai take da hula tara ko goma.

Sai a mayar da zargen zuwa lokaci. A ce mai saƙa tana yin zarge 30 a minti, wanda ba sanyin hannu ba ne. Dubu 60 za su ci mata awa 33, ban da haɗa sassan da allura, ban da ɓoye bakin zare, ban da warwarewa idan an yi kuskure. Awa 40 ba ƙari ba ne. Ko Miriam Tegels ta ƙasar Holan, wadda ta shiga kundin Guinness a 2006 da zarge 118 cikin minti guda, da za ta iya riƙe wannan gudun ba hutu ba shan ruwa, sai ta shafe awa takwas da rabi a kan wannan riga. Kuma babu mai riƙe irin wannan gudun fiye da 'yan mintuna.

Akwai wani ƙirge da ake rainawa, alhali shi ne ke ceton makonni. Kafin a ɗora riga, ƙa'ida ita ce a saƙa ɗan ƙyallen gwaji kamar tafin hannu, a wanke shi, a auna. Masu saƙa da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, domin ƙyallen ba ya zama komai. Amma hannu ya bambanta da hannu: wata tana matse zare, wata tana sakinsa. Idan hannun mace yana ba da zarge 20 a santimita 10 maimakon 22, zarge 220 ɗin nan za su fito da riga mai kewayen santimita 110. Ba za ta gane ba sai ta yi nisa, sa'annan ko ta warware aikin sati biyu, ko ta nemi wani mai jiki ta ba shi. Awa guda a kan ƙyallen da za a jefar ta fi kwana goma a kan rigar da ba za ta shiga mai ita daidai ba.

Abin da ke faruwa idan masu saƙa ba su riƙe lissafin kansu ba, tarihin tsibiran Shetland, can arewa da Sikotland, ya nuna shi ƙarara. A ƙarni na 19, mazan tsibiran suna teku wajen su, mata kuma suna riƙe da gida da gona da saƙa. Sun ƙware har suna saƙa a tafe: sukan ɗaura wata ɗamarar fata a ƙugu, su kafe kibiya ɗaya a cikinta, yatsu na aiki alhali suna ɗauke da kwandon makamashi a baya. Safarsu da mayafansu masu laushi sun yi suna har Landan. Sai dai ba a biyansu da kuɗi. Ɗan kasuwar da ke karɓar saƙar shi ne mai kantin garin, sai ya biya da kayan kantinsa, ganyen shayi ko yadi, a farashin da shi ya yanka. In mace ba ta bukatar kayan a ranar, a ba ta 'yar takardar shaidar bashi. A 1872 gwamnatin Birtaniya ta tura William Guthrie ya binciki wannan tsari, ya saurari mata da bakinsu, inda wasu suka bayyana yadda suke sake sayar da shayin da aka ba su a ƙasa da kuɗinsa don su samu tsabar da za su sayi abinci. An yi doka a 1887, amma al'adar ba ta mutu sarai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin da aka jibge a tsibiran suka riƙa sayen saƙa kai tsaye da kuɗi a hannu.

Abin lura shi ne, ɗan kasuwa ya yi nasara ne saboda ana ɗaukar lokacin matar a matsayin lokacin banza. Ai a tafe take yi, ai da dare take yi bayan ta gama aikin gida. Tunda ba ta ware wa saƙar awa ba, sai aka ɗauka ba ta kashe awa ba.

Wannan tunanin yana nan da ransa a gidajen Arewa. Mata da yawa suna saƙa kayan jarirai, 'yar riga da hula da safa, musamman idan hunturu ya ƙarato ko ana shirin suna. Yadda aka fi yanka farashi shi ne a lissafa kuɗin zare, a ɗora "ɗan wani abu" a kai. Kuɗin hannu ba ya shiga. A gwada shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 a wata, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024. In an raba shi da awannin aiki na wata, awa guda ta kama wajen naira 400. Suwaitar awa 40 ke nan kuɗin hannunta kaɗai naira 16,000 ne, kafin a sayi ko dunƙule ɗaya na zare. Hular awa huɗu, naira 1,600. Wannan kuwa ladan leburan da bai koyi komai ba ne, ba na mai gwaninta ba. Cibiyoyin koyar da sana'a da ke yaye mata da kibiya da zare a hannu, ba tare da sun zaunar da su sun koya musu wannan ɗan lissafi ba, rabin sana'a suka ba su.

Za a ce, to wa zai sayi suwaita a wannan kuɗi ga gwanjo jibge a kasuwa? Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1589, da William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham, hannu ya daina iya tsere da inji a sauri. Amma wannan hujja ce ta yin lissafi, ba ta barinsa ba. Wadda ta ƙirga za ta gane da wuri cewa suwaitar manya ba hajar sayarwa ba ce a kasuwar da gwanjo ya cika, sai dai in wani ya yi oda ya yarda da farashi tun kafin a ɗora zargen farko. Za ta karkata ga inda hannu ya fi ƙarfi: ƙananan kaya masu ƙarewa a zama ɗaya ko biyu, aikin da aka auna a jikin mai shi, launin da uwar jariri ta zaɓa da kanta. Hular bakwaini misali ce mai kyau. Jariri sabon haihuwa yana asarar zafin jiki da yawa ta kansa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke son a rufe shi, hular da za ta zauna a kan da bai fi lemun zaƙi babba ba kuwa ba kasafai ake tsintar ta a dilar gwanjo ba. Haka saƙar kwarashi, wadda har yau babu injin da yake kwaikwayonta daidai. Duk inda aka gan ta da arha a shago, wani hannu ne aka biya kaɗan.

Wata kuma za ta ce ita ba don kuɗi take yi ba, jikanta take saƙa wa, kuma ƙirge zai kashe mata daɗin abin. Wannan tana da hujjarta, babu mai tilasta wa kaka ta riƙe agogo. Sai dai ko ita ƙirgen zai amfane ta ta wata fuskar, domin jariri ba ya jiran saƙa. Rigar da aka auna wa ɗan wata uku, in ta kwana a jaka har wata biyu saboda "saura hannu", ta zama ta ƙaninsa. Sanyin hunturu kuma bai fi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba. Wadda take samun awa biyu kowane dare, tana son babban mutum ya sa rigarsa a farkon Disamba, lissafi ya ce ta ɗora zare kafin tsakiyar Nuwamba, ta kuma fara da hannuwan tun ɗokin aikin bai huce ba.