Zuwa ga Masu Rubuta Manhaja a Yankin Noman Rani na Kura

Ƙannena,

Wannan wasiƙa taku ce, ku da kuke rubuta ƙananan manhajoji da Python don ƙungiyoyin manoma da masu injin casar shinkafa, daga Kura zuwa Bunkure da Garun Malam. Shawarata ɗaya ce: kowace manhaja ta fara tantance sigar Python ɗin da ke tafiyar da ita kafin ta taɓa lissafin kowa.

Ga dalili. Python 2 in ta raba 5 gida 2, amsarta 2 ce. Python 3 kuwa 2.5 za ta ba ku. Buhun taki biyar tsakanin manoma biyu, sai kowa ya yi asarar rabin buhu, kwamfuta ba ta ce uffan ba. Kada ku ce ai an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020. Duk wanda aka ba aikin taswirar magudanan da ke kawo ruwa daga Tiga a tsohuwar kwamfuta mai ArcMap, da Python 2.7 zai yi karo. QGIS ma sai a 2018 ya koma Python 3.

Kada ku dogara da python --version kaɗai, domin kwamfuta ɗaya kan ɗauki Python biyu ko uku, kuma wadda ta amsa ba lallai ita ke aikin ba. Ku tambaya daga cikin manhajar: sys.version_info zai faɗi siga, sys.executable ya nuna inda take zaune.

Ku kwatanta lambobi, kamar sys.version_info >= (3, 8), ba haruffa ba. A jerin haruffa "3.10" na zuwa kafin "3.9", abin da ya tuntsurar da manhajoji lokacin da 3.10 ta fito a 2021.

Sannan ku ware binciken a ɗan ƙaramin fayil na farko, da rubutun da tsohuwar siga ke iya karantawa. Python tana duba fayil gaba ɗaya kafin ta fara aiki. F-string guda, wanda ya zo da 3.6, ya isa ya tsayar da tsohuwa tun ba a kai ga binciken ba.

In siga ba ta dace ba, manhaja ta tsaya, ta faɗa wa sakataren ƙungiya da Hausa abin da ta tarar da wanda take buƙata. Gara a dakatar da rabo da a yi shi ba daidai ba.

Allah ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Wani yayanku a harkar