Ƙidayar jama'a: a same mu bakin rijiya

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, Nijar ta yi ƙidayar jama'a da gidaje a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da 'yan kai, kuma a watan Disamba aka yi ta. To, mu muna ina a Disamba? An gama girbi, an saki gonaki, garake sun gangara kudu, waɗansu har sun ƙetara Nijeriya da Benin.

Tun kafin ranar ƙidaya ake zubar da mu. Ma'aikatan ƙididdiga na fara zana taswira, su yanka ƙasa yanki-yanki, kowane yanki da mai ƙidayarsa mai bin gida-gida. Rugar da aka zana da damina, in an komo da rani, toka da kashin shanu za a tarar. Alhali da waɗannan lambobi ake raba lakkol da likita da rijiyoyi, da su kuma aka riƙa raba kujerun majalisa a da.

Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙinmu ne. Don me tafiyar za ta hana a rubuta mu?

Muna so a zauna da arɗo-arɗo da garsaye tun lokacin zanen taswira. A ɗauki masu jin Fulatanci da Buzanci, a ba su raƙuma, su tsaya bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi, su je taron gishiri na Ingal a Satumba. Mu kuma mu bar ɓoye yara don tsoron jangali: a faɗi kowa, har jaririn goye da yaron da ya tafi da garke.