ZAUREN IYALI: Rayyan, sunan ƙofar masu azumi

 A wannan fitowa za mu duba wani suna da ya yi kasuwa a wuraren raɗin suna na Adjamé da Treichville, wato Rayyan, wanda wasu ke sa wa ɗa namiji, wasu kuma 'ya mace.

Sunan Larabci ne, ma'anarsa wanda ya sha ya ƙoshi, ƙishirwa ta rabu da shi. Darajarsa ta zo ne daga hadisin Sahlu ɗan Sa'adu da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka ambaci wata ƙofa ta Aljanna mai wannan suna, wadda masu azumi kaɗai za su shiga ta cikinta.

Kakanninmu ba su san shi a matsayin sunan yanka ba. Yaron da aka haifa cikin watan azumi su kan kira shi Labaran ko Ɗan'azumi, yarinya kuma Azumi. Rayyan ya iso mana ne ta hanyoyi biyu: ɗaliban da suka dawo daga ƙasashen Larabawa, da kuma Faransa, inda tun ƙarshen shekarun 1990 ya bazu cikin iyalan da suka fito daga Aljeriya da Maroko da Tunusiya. 'Yan wasan ƙwallo Rayan Aït-Nouri, haihuwar 2001, da Rayan Cherki, haihuwar 2003, 'ya'yan wannan zamanin ne. A watan Fabrairun 2022 kuma duniya ta riƙa ambaton sunan, sa'ad da wani yaro ɗan shekara 5 ya faɗa rijiya a arewacin Maroko, aka kwana 5 ana haƙa, Allah ya karɓi abinsa.

Matsalar farko ita ce furuci. A Larabci ya'un tana da shadda, ana kuma jan wasalin ƙarshe: Ray-yaan. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda bakinsa ke rarrabe mana da manna, da daba da dabba. Amma malamin makarantar boko, idan ya ga Rayan a takarda, dokar Faransanci zai bi: ya zubar da shadda, ya tura ƙarshen sunan cikin hanci, harafin nun ya ɓace. Wasu matasa kuma sun ɗauka shi ne Ryan na Turawa, irin na Ryan Giggs tsohon ɗan wasan Manchester United. Wancan suna ne na mutanen Ireland, babu dangantaka tsakaninsu sai kamannin amo.

Ta biyu ita ce jinsi. Hausa ta saba raba namiji da mace tun daga suna: Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Ɗanladi da Ladi. Amma al'ada takan sha bamban daga wuri zuwa wuri. Nura a Kano namiji ne, a Saudiyya kuwa mace ce. Haka Rayyan: a Faransa da Maroko galibi na maza ne, a Lebanon ana samun mata masu shi. Sa shi ga kowane jinsi ba laifi ba ne. Sai dai a nahawun Larabci siffar namiji ce, ta macen ita ce Rayya. Wanda ke son albarkar sunan ga 'yarsa ba tare da ruɗani ba, ga mafita a hannunsa.

Ta uku, wadda ta fi tsada, ita ce takarda. Liman yana raɗa suna da baki ran bakwai, amma abin da ma'aikacin ofishin magajin gari ya rubuta a takardar haihuwa shi zai bi yaro har jarrabawa da katin ɗan ƙasa da fasfo. Rayan, Rayane, Rayyan, Ryan: a idon hukuma sunaye huɗu ne. Wasu na ƙara harafin e a ƙarshe don nun ta fito, sai mai karatu ya zaci mace ce. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardu biyu, sai uba ya yi ta zirga-zirga da kashe kuɗi kafin a gyara.

Saboda haka shawararmu ga magidanta ita ce, ku daidaita da uwargida kan rubutu ɗaya tun kafin ranar suna. Ku rubuta shi da manyan haruffa ku miƙa wa ma'aikacin, ku karanta takardar, ku duba suna da jinsi kafin ku bar ofis. A namu ganin Rayyane ya fi dacewa da bakin mai karanta Faransanci, domin ya riƙe shadda ya kuma tsare nun. A gida kuwa ku kira yaro da furucin daidai, ku gaya masa ma'anar sunansa, ko ya tashi da son azumi.

Allah ya raya mana zuriyarmu bisa sunna, ya shigar da mu ta wannan ƙofa. Sai fitowa ta gaba, wassalamu alaikum.