Salo Ba Gonar Gado Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, a kwasa-kwasanmu na adabi kullum ana nanata mana cewa salo shi ne hanyar da marubuci ko makaɗi ya bi ya isar da saƙonsa. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ma ya kira littafinsa Salo Asirin Waƙa. To, ga shi zamani ya kawo na'urar da ke haɗiye wannan asiri cikin ƙiftawar ido, wato ƙirƙirarriyar basira. A watan Maris na 2025 duniya ta cika da hotunan da ChatGPT ya zana cikin salon Studio Ghibli na ƙasar Japan. Kafin nan, a 2023, wasu masu zane a Amurka sun kai kamfanin Stability AI kotu saboda an horar da na'ura da ayyukansu ba da izini ba. Shi ya sa wasu ke cewa a sa salo cikin haƙƙin mallaka. Ni kam ban yarda ba.

Hausa ba harshen uwata ba ne. Da Jju na buɗe baki a Zonkwa, Hausa kuwa a kasuwa da coci da makaranta na tsince ta, ta hanyar kwaikwayo. Haka fasaha take yaɗuwa a wajenmu. Zumuntar mata za su fito da waƙa, ana buga tulu ana amshi, kafin wata ya zagayo ka ji irin karin a Kafanchan ko Kagoro da wasu kalmomi dabam. Wa zai kai wa ƙara? Duba kuma gumakan Nok da aka fara tonowa a 1928 a ƙasar Jaba, maƙwabtanmu. Idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya salo ne da masu gini da yumɓu suka yi ta gadar wa juna ƙarni bayan ƙarni. Da mutum ɗaya ya riƙe shi, da ya mutu tare da shi.

Adabin Hausa kansa ɗan aro ne. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya bayan Rupert East ya tara masa littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ɗauki dabarar labari cikin labari ya sa mata rigar Hausa. Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya koyi kiɗa, ƙarƙashin yayansa Kurya. Bayan rasuwar Mamman Shata a 1999, makaɗa nawa suka ci abinci da irin muryarsa da kalangunsa? Idan aka ce salo mallaka ne, ba talakan makaɗi zai amfana ba. Mai kuɗin ɗaukar lauya shi zai shinge gonar, sabon shiga kuwa sai ya biya kafin ya buɗe baki.

Na san abin da za a ce mini: almajirin makaɗi yakan shekara goma yana amshi, na'ura kuwa a dare ɗaya za ta fitar da waƙa dubu ta kashe wa mai ita kasuwa. Gaskiya ne, kuma abin tsoro ne. Amma a lura, na'ura ba daga iska ta koyi salon ba. Faifai da littattafai da hotuna aka kwasa aka ɗura mata, waɗannan kuwa tuni doka ta kare su. A nan ɓarnar take, a bakin ƙofa.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, tana kare aikin da aka fitar ne, ba tunanin da ke bayansa ba, kuma ta tanadi kariya ga fasahohin gargajiya. Abin da nake so Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa da 'yan majalisa su ƙara abu biyu ne. A tilasta wa kamfani ya bayyana ayyukan da ya horar da na'urarsa da su, ya nemi izini, ya biya. Sannan a hana sayar da waƙar na'ura da sunan Ɗanmaraya Jos ko muryarsa sai da yardar magadansa. Yaron da ya sassaƙa kuntigi a Zonkwa yana kwaikwayonsa kuwa, a ƙyale shi ya kaɗa.